Ɗalibina ya daina rera taken ƙasa, ya daina bin limamin makaranta. Kora ce mafita?

Malamin Aji:

Assalamu alaikum. Malamai da iyaye, shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa, domin ranar Litinin za a zauna a kan maganar a ofishin shugaban makarantarmu.

Ina koyar da darasin gwamnati da na sibik a wata sakandaren maza ta gwamnati a nan cikin Kano, ni ne kuma malamin ajin wani rukuni na 'yan aji biyar. A rajista sun haura tamanin, ranar da kowa ya zo wasu a taga suke zama. A cikinsu akwai wani yaro, ba zan faɗi sunansa ko unguwarsu ba. Bai wuce shekara 17 ba. Ba ya cikin 'yan bayan aji masu tsallake katanga da an fita tara, ba a taɓa kama shi da ƙwaya ko wuƙa ba. Yana cikin biyar na farko, a lissafi babu mai kama ƙafarsa, ya kuma sauke Alƙur'ani tun yana aji biyu. Da an ce in lissafa yara ashirin da nake jin tsoro a kansu, ba zai shiga ba. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa.

Tun zangon da ya wuce ya daina rera taken ƙasa a asambuli. Wannan bai ja hankalin kowa ba, don tun da aka dawo da tsohon take a watan Mayun 2024 rabin layi motsa baki kawai suke yi, har da wasu malaman in za a faɗi gaskiya. Sai aka lura idan an zo alƙawarin biyayya ga ƙasa yana sunkuyar da kai ya harɗe hannu. Daga nan ya daina bin jam'in azahar a masallacin makaranta. Sai an idar ya zagaya bayan ɗakin gwaje-gwaje ya yi tasa. Da farko shi kaɗai ne, yanzu su uku ne, shi ke ja.

Abin da ya tsaya min a rai a ajina ya faru. Muna kan tsarin mulkin 1999, ina bayanin rantsuwar kama aiki, ya ɗaga hannu cikin ladabi kamar kullum ya ce, "Malam, wanda ya dafa Alƙur'ani ya rantse zai kare dokar da mutane suka rubuta, alhali Allah ya ce hukunci nasa ne shi kaɗai, ina musuluncinsa yake?" Ba da izgili ya yi ba, har muryarsa na rawa. Ajin da ba ya shiru ya yi tsit. Na ba shi amsar da ta zo min, cewa gwamnonin da suka ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000 ma a ƙarƙashin wannan tsarin mulkin suka yi, na ce ya same ni bayan an tashi mu ƙarasa. Ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya san abin da za a ce masa. Bai zo ba.

A makon jiya malamin ladabtarwa ya ƙwace wayarsa a aji. Aka tarar da wani zaure na Telegram cike da wa'azin murya, wasu da Hausa wasu da Larabci, da 'yan bidiyo na mutane da bindigogi da baƙar tuta. Ba mu ga inda shi ya rubuta komai ba, sauraro yake yi. Monita kuma ya tsegunta min cewa ya ce ba zai rubuta kwalifayin ba, wato jarrabawar tantance waɗanda za su zauna ta kammala sakandare, wai takardar ɗagutu ce. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne a kasuwar Singa, da sassafe yake fita sai bayan isha'i, har yanzu ba a sanar da shi ba.

Ofishin malamai ya rabu uku. Wasu sun ce a kore shi kafin ya ɓata sauran. Wasu sun ce a miƙa wa jami'an farin kaya wayar da mai ita, mu zare hannunmu. Wasu kuma a fito da shi asambuli a yi masa bulala sha biyu, a sa shi ya rera taken shi kaɗai. Ni ko ɗaya bai kwanta min ba, amma ba ni da ta huɗu da zan kawo, kuma in aka ce min "to yaran nan biyu da suka bi shi fa?" sai bakina ya mutu. Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan, me makaranta za ta iya yi da hannunta, kuma a ina iyakarta take?

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam. Malam, sannu da ƙoƙari. Jikana ne ya karanto min tambayarka, shi ne kuma yake buga amsar, idanuna ba sa ɗaukar rubutun waya.

Zan fara da kora, don ita ta fi sauƙi, ita kuma na fi tsoro. A Disambar 1980 ina ƙaramin malamin firamare, ina haya a Fagge, 'Yan Awaki, unguwar da Maitatsine ya yi sansani, ba nisa. Muhammadu Marwa da ake ce wa Maitatsine ba baƙo ba ne a garin nan a lokacin. Tun 1962 Sarki Sanusi ya sa aka kore shi zuwa Kamaru, ya dawo. A Nuwambar 1980 Gwamna Rimi ya rubuta masa takarda ya ba shi wa'adi. Ranar 18 ga Disamba aka fara a filin Shahuci, abin ya fi ƙarfin 'yan sanda, sai da soja suka shigo, aka shafe kwana goma sha ɗaya ana abu ɗaya. Hukumar bincike ta Mai Shari'a Aniagolu ta ce mutum fiye da 4,000 suka mutu. Aka kashe shi, muka ce shi ke nan. Waɗanda suka tsere su ne suka tayar da ƙura a Bulunkutu ta Maiduguri da Rigasa ta Kaduna a 1982, Jimeta a 1984, Gombe a 1985. Ba kwatanta yaronka nake da Marwa ba, Allah ya kiyaye. Ina nuna maka ne cewa mun sha korar wannan abu, kuma kullum wani lungu yake komawa ya yi ƙarfi inda ido bai kai ba. Yau yaron yana gabanka daga ƙarfe takwas zuwa biyu. In ka kore shi ranar Litinin, wa ka bai wa awa shidan nan?

Yaran da na gani suna shiga gidan Marwa ba aljanu ba ne. Gardawa ne da 'yan ci-rani, masu dako, masu yankan farce, masu shayi. Kuɗin fetur na yawo a gari, su ko kallo ba su ishi kowa ba. Can aka ba su tuwo da wurin kwana, aka kuma gaya musu su ne mutanen kirki, mai agogo da rediyo da keke shi ne ɓatacce. Naka yaron yana da tuwo a gidansu, amma na biyun shi ake ɗura masa a wayar nan: kai ne ka gane, malamanka ma suna cikin duhu. Ga yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa a aji mai mutum tamanin, wanda ba a kiran sunansa sai ranar raba sakamako, wannan magana akwai zaƙi.

Bulalar asambuli kuwa kyauta ce za ku bai wa mai wa'azin. Ya riga ya gaya masa za a cutar da shi saboda gaskiya kamar yadda aka cutar da Bilal. Kuna ɗaga dorina kun gaskata shi a gaban makaranta gaba ɗaya, su biyun nan su zama goma.

Akwai kuma abin da ku malaman yanzu kuke mantawa. Ɗan aji biyar na yau, ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 da Boko Haram ta tayar da bama-bamai a Kano ko firamare bai shiga ba. Bai san dokar hana fita ba, bai tura babur a shingen bincike ba, bai san an kai wa Sarki Ado hari a 2013 har aka hana acaɓa a gari ba, bai san an shiga kwalejin ilimi ta tarayya, FCE, da bindiga ana tsakiyar lacca a Satumbar 2014 ba. Ku abin yana jikinku, kuna zaton kowa ya sani. Shi baƙar tutar nan hoto ce kawai da waƙe mai daɗi a bayanta. Ga shi an cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare shekara da shekaru kafin a waiwaye shi. Ba sai kun jira manhaja daga Abuja ba. Babu unguwar da makaranta take a Kano da za a rasa wanda ya rasa ɗa, ko ƙafa, ko shago a shekarun nan. Ku gayyato shi ya zauna a benci ya ba da labari da bakinsa, ba lacca ba. Kowa da kowa ya ji, kada a nuna kowa da yatsa.

Mahaifin kuma kada a aika masa takarda mai hatimi. Uba in ya ga hatimi kunya ce za ta fara kama shi, kuma a jikin yaron zai sauke ta. Ka je da ƙafarka bayan isha'i, ka fara da yabon yaron, don akwai abin yabon.

Ɗan Kwari:

Baba, da girmanka, ni ban gamsu ba.

Yayana uwa ɗaya uba ɗaya yana cikin sahu a masallacin Juma'a na cikin gari ranar 28 ga Nuwamban 2014 da aka tayar da bam. Da rigarsa muka gane shi. Ya bar yara huɗu, ni nake riƙe da su. Bayan kwana 12 aka sake tayar da wani a kasuwarmu ta Kantin Kwari. Waɗanda suka yi wannan aiki, kowannensu akwai ranar da yake yaro mai ladabi, wani yana cewa a bi shi a hankali.

Malam ba jami'in tsaro ba ne. Ba ku san wa ya jefa shi a zauren ba, ba ku san ko a cikin Kano mutumin yake ba, ba ku san yara nawa ya jefa a wasu makarantu ba. Wannan ba aikin alli ba ne. Ni ban ce a kore shi ba, ban ce a doke shi ba, amma ku miƙa wayar. In kuka rufe wannan gobe wani abu ya faru, da wane ido za ku kalli iyayen sauran yaran? 'Ya'yan yayana biyu a makarantar gwamnati suke. In na ji an san da irin haka a ajinsu an yi shiru, wallahi ba zan yafe ba.

Mai Ɗan Karatu:

Allah ya jiƙan yayanka, ya raya abin da ya bari. Maganarka akwai gaskiya a ciki, ɓangaren tsaro zan bar wa waɗanda suka fi ni sani. Ni tambayar yaron zan koma wa, don har yanzu ba wanda ya amsa ta.

Malam, amsar siyasa ka ba shi, shi kuwa tambayar aƙida ya yi. Shi ya sa ya yi murmushi. A faifan da yake saurare an riga an kafirta gwamnonin nan tun kafin ka ambace su. Ayar da ya janyo ita Khawarijawa suka ɗaga a kan Sayyidina Ali bayan yaƙin Siffin, ya ce kalmar gaskiya ce aka nufi ɓarna da ita. Kuma ba da takobi aka fara musu ba. Abdullahi ɗan Abbas ya nemi izini ya same su a Harura, ya ce su faɗi abin da suke tuhuma. Suka faɗi abu uku. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A kan wannan ta hukunci ya karanto musu inda Allah da kansa ya sa adalai biyu su yanke fansa ga wanda ya kashe abin farauta yana cikin harami, a Ma'ida, da inda ya ce a tayar da mai sulhu daga dangin miji da na mata, a Nisa'i. Dubbai suka dawo. Ka lura, sai da ya bari suka gama faɗin tasu.

Shubuhohin nan ba su da yawa, kuma ba sababbi ba ne: aikin gwamnati, boko, take da tuta, zaɓe, zama da wanda ba musulmi ba. Su ne Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, ya yi ta nanatawa a Maiduguri kafin 2009, malamai kuma suka ba shi amsa tun yana raye. Malam Isa Pantami ya zauna muƙabala da shi a Bauchi a 2006, faifan yana nan. Malam Ja'afar ya yi gargaɗi a kansu kafin a harbe shi yana jan sallar asuba a Ɗorayi a Afrilun 2007. Malam Albani na Zariya ya yi ta warware su har suka kashe shi da matarsa da ɗansa a Fabrairun 2014. Amsoshin suna nan da Hausa, ba sai an fassara ba. Annabi Yusuf ya nemi riƙon taskar ƙasa a ƙarƙashin sarkin Masar. Sahabbai sun yi zaman amana a ƙasar Najjashi. Wasu fursunonin Badar sun fanshi kansu da koya wa yaran Madina rubutu. Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa da umarnin Annabi, sallallahu alaihi wasallam. Usama da ya kashe wanda ya yi kalmar shahada a fagen fama, aka tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ne.

Abin takaicin a wurinmu yake, mu na islamiyya. Yaro zai yi shekara goma a hannunmu, ya haddace Ahalari da Arba'una, ya iya ƙabli da ba'adi, ba a taɓa zama da shi a kan sharuɗɗan kafirtawa da abubuwan da ke hana ta ba, wai babi ne na manya. Sai wani da ba a san fuskarsa ba ya buɗe masa babin ta baya.

Sai kuma wadda ba a so a ji. Yaro ba a Telegram yake fara jin kafirtawa ba. A masallacin unguwa yake fara ji, da lasifikar wa'azi, da TikTok inda almajiran malamai ke jifan juna, wani lokaci ma a ajin addini. In malami ya tsaya gaban allo ya ce 'yan ɗariƙa mushirikai ne, ko 'yan Izala maƙiya Annabi ne, ko ya ce wa ɗalibi Kirista arne a gaban 'yan ajinsu, to ya koya wa yaro cewa fitar da mutum daga rahamar Allah abu ne mai arha. Ya rage kawai wani ya tsawaita masa jerin sunayen ya saka malamin a ciki. Ka duba min, shi limamin da yaron ya ƙi bi, yaya koyarwarsa take?

Ka nemo malamin da yaron yake ganin girmansa, wataƙila wanda ya sauke a hannunsa. Ba a ofis ba, ba a gaban shugaba ba. A zauren malamin, a miƙa masa littafi ya karanto da kansa. Kuma ba zama ɗaya ba ne. Zai musa, zai koma ya tambayi na wayar, ya dawo da wata sabuwa. Dawowar nan ita ake so.

Malamin Aji:

Na gode ƙwarai. Baba, Allah ya ƙara lafiya, gobe in sha Allahu zan je gidan. Ɗan'uwa na Kwari, Allah ya jiƙan yaya, maganarka ta shige ni, ba zan goyi bayan a binne wayar ba.

Allah gafarta Malam, limaminmu mutumin kirki ne, ba ya zagin kowa. Sai dai shi kaɗai ne malamin addini na manyan azuzuwa gaba ɗaya, kuma in aka yi masa tambayar da ba ta cikin silabas yakan ce a bari sai an gama NECO. Wanda yaron ya sauke a hannunsa kuwa na san makarantarsa, zan neme shi. Abin da ya rage min shi ne, miƙa wayar da riƙe yaron za su haɗu kuwa?

Malama Mai Shawara:

Za su haɗu, Malam, in kun raba abu biyu: zauren daban, yaron daban.

Ni ce mai ba ɗalibai shawara a wata sakandaren mata. A takarda ke nan. A zahiri Turanci nake koyarwa tun safe, shawarar a gindin bishiya nake yin ta lokacin tara, amma na ga 'yan abubuwa.

Zauren da lambar wanda ya jefa shi a ciki, haƙƙin hukuma ne ta sani, ɗan'uwanmu na Kwari ya yi gaskiya. Amma shugaban makaranta ne zai kai, ta hannun hukumar da ke kula da sakandare, a rubuce, da sanin mahaifin. A faɗa ƙarara cewa yaro ne da bai kai shekara 18 ba, tarko aka ɗana masa, bai rubuta komai ba, kuma makaranta na riƙe da shi. Abin da ba za ku yarda da shi ba shi ne mota ta shigo harabar makaranta a fita da shi a gaban 'yan ajinsu. Hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hira da ɗaruruwan waɗanda suka taɓa shiga irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka, har da Najeriya, ta fitar da rahoto a 2017. Kashi 71 cikin 100 sun ce abin da ya ƙarasa tura su wani mataki ne na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Kashi 57 kuma sun amsa cewa ba su fahimci nassoshin addinin ba sai kaɗan ko ma sam, wanda ya zo daidai da maganar Malam na sama. A Ingila tun 2015 doka ta ɗora wa makarantu sa ido da kai rahoton ɗalibin da ake zargi, kuma babban ƙorafin ƙungiyar malamai da iyaye musulmi shi ne yara sun koyi kame bakinsu a aji. Yaronka ya ɗaga hannu ya yi tambaya a gaban mutum tamanin, muryarsa na rawa. Wanda ya gama shiga ba ya tambayar malamin sibik.

Iyakar da ka tambaya, ga tawa. Ranar da aka ji maganar tafiya ko hijira, ko aka ga kuɗin da ba a san tushensu ba, ko makami, ko ya ambaci wani mutum ko wani wuri da barazana, ko wani babba ya fara zuwa ɗaukarsa a bakin ƙofa, to ya fita daga hannunku. A ranar za a kira, ba sai an jira zama ba.

Kada masu makarantun mata su karanta wannan su ce ta maza ce. Wadda ta tayar da bam a Kano Poly a Yulin 2014, tsakiyar masu duba sunayensu na bautar ƙasa, mace ce. Yarinyar da aka kama bayan harin Kwari, wadda ta ƙi tayar da nata, shekararta 13, kuma ta gaya wa 'yan jarida mahaifinta ne ya kai ta. Shi ya sa zan ƙara abu ɗaya a kan shawarar Baba: ka je gidan da kunne, ka fara jin inda uban ya tsaya kafin ka zazzage masa komai. Ka kuma nemi a ji ta bakin mahaifiyar, ko da wata malama za ka tura. Ita ta san ranar da ya daina cin abinci da ƙannensa, ko ya fara kashe mata rediyo.

Ƙwace waya kuwa ba ya hana komai, ta aro tana nan a unguwa. Mu abin da muka fara shi ne kwatan awa ɗaya a mako, in kawo wani saƙo da ke yawo a WhatsApp mu bi shi tare: wa ya faɗa, yaushe, hoton na ina ne, me ake so in ji a raina, me ake so in yi. Da farko dariya suke yi, yanzu su ke kawo min. Zaurukan aji ma mun sa malama a kowanne, tun bayan abin da ya faru a Sakkwato a Mayun 2022, inda saƙon murya a zauren 'yan aji ya ƙare da kashe ɗaliba a cikin kwaleji.

Ranar Litinin kada ka shiga ofis da roƙo, za a rinjaye ka. Ka shiga da takarda ɗaya: wa ya je gida, wane malami zai riƙa zama da shi kuma sau nawa a mako, wa zai kai rahoton zauren, yaushe za a sake zama a duba. Ka nemi a ba shi bitar lissafi ga 'yan ajinsu masu rauni, a gabanka. Sunansa ya shiga kwalifayin ko ya ce ba ya so, a cike masa fom a ajiye. Su biyun da ke bin sa salla, ka samu kowanne shi kaɗai kafin ranar, ba tare ba. Ka kuma ja kunnen malamai, kada wanda ya tura bidiyon nan zuwa wayarsa da sunan ajiye hujja.